Kiɗa a Gaban Fim ɗin Bebe

Mu uku ne a ɗan kamfaninmu a nan Jamus: mai fiyano, mai gogen Turawa, sai ni da ganguna, ni ne kuma mai neman aiki da lissafin kuɗi. Sana'armu ita ce mu zauna a gindin allon silima, a hasko tsohon fim marar magana, mu yi ta kiɗa har ya ƙare. Haka ake yi kafin 1927, shekarar da fim mai magana ya fara karɓe kasuwa a Amurka, makaɗa da yawa suka rasa abin yi. Yanzu tsofaffin gidajen silima da bukukuwan fina-finai ne ke riƙe da mu. Babbansu shi ne na Pordenone a Italiya, da ake yi duk shekara tun 1982.

Mahaifina kan ba mu labarin majigi, yadda wani ke tsayawa yana yi wa jama'a bayanin hoton. To, aikin wannan mai bayanin muka gada, sai dai mu da kiɗa muke bayani.

Idon makaɗi a nan ba a kan takarda yake ba, a kan allo yake. In Buster Keaton, ɗan wasan barkwanci na Amurka a zamanin fim ɗin bebe, zai faɗi, dole gangata ta faɗi tare da shi. Ka makara da ƙiftawar ido, dariyar ta wuce. Kuma ba kowace faɗuwa ake kaɗa wa ba. Sabon shiga shi ne mai cika wuri da hayaniya, ya hana mutane kallo.

Abin da ya taɓa kunyata mu gudun na'ura ne. Fim mai magana hoto 24 yake ja a daƙiƙa, amma na da, da hannu ake murza kyamara, wani 16, wani 18, wani 20. Mun yi mako biyu muna gwaji da kwafi mai 24, ranar wasa wani gidan silima ya saki nasa a 18. Fim ɗin awa ɗaya ya koma awa ɗaya da minti 20! Mun kai kiɗan biki, angon bai ko hau doki ba. Mai fiyano ta harare ni, ta rufe takardarta, muka ƙarasa da ka, gumi sharkaf.

Tun ranar, kafin a yi zancen kuɗi, tambayata ta farko ga mai na'ura ita ce, "Nawa za ka ja?"