In farashi ya fita da kuskure, wa zai ɗauki asarar?

A cikin duk ayyukan ɗan kamfanina akwai guda ɗaya da har yau ban sakar wa kowa shi gaba ɗaya ba, shine saka farashi. Kayan amfanin gida muke saidawa ta intanet, irinsu dutsen guga, butar lantarki, fanka mai caji, injin markaɗe da tarkacen kicin. Ɗaukar hoto, amsa saƙo, naɗe kaya, bin masu kai saƙo a waya, duk yaran suna yi kuma sun iya, wani ma ya fini. Amma farashi sai ido biyu sun gani kafin ya hau shafi, mai rubutawa daban mai dubawa daban, kuma mai dubawa da rasit ɗin sari a hannu yake dubawa, ba da ka ba.

Dalili kuwa, in gaba da gaba ne ka faɗi kuɗin kaya ba daidai ba, mutum ɗaya ne a gabanka, kafin ya kai hannu aljihu ka ankara kace a'a yi haƙuri ba haka bane. Shafi baya ankara. Zai karɓi odar duk wanda ya zo da tsakar dare, ya ciri kuɗinsa, ya tura masa saƙon godiya da sunanka, kai kana can kana minshari. Kuma labarin araha baya kwana, mutum ɗaya ya gani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya jefa a guruf, shikenan an taru.

Masu saye suna ɗauka kuskuren farashi sakaci ne kawai, toh wani lokacin hakane, amma bari in faɗa muku ta inda yake shigowa. Yawancinmu ba ɗaya bayan ɗaya muke rubuta farashi a shafi ba, tebur ne a kwamfuta mai ɗauke da kaya rututu, ga layin kuɗin sari, ga na kuɗin saidawa, ga na adadin da ya rage a sito, sai a loda shi lokaci guda. Layi ɗaya ya zame, kuɗin murfin tukunya ya koma kan tukunyar. Ko sifili ɗaya ya faɗi. Ko kuma aya da waƙafi su haɗa ka da aiki, dan wasu ƙasashen waƙafi suke sawa a inda wasu ke sa aya, in manhajar ta karanta da tsarin da ba naka ba sai dubu ta koma ɗaya. Akwai kuma rangwame kan rangwame, ka rage wa kaya kuɗi ka manta akwai tsohuwar lambar ragi da baka kashe ba, mutum ya haɗa biyun. Wanda yafi cin ƴan sari kuwa shine na guda da na katan, a rubuta kuɗin guda ɗaya alhali hoton da bayanin na katan ne. Wannan ma ya girmi intanet nesa ba kusa ba, a 1939 wata kotu a Ingila ta yi shari'ar wasu ƴan kasuwa da suka yi tayin saida fatun zomon Ajantina 30,000, suka rubuta kuɗin a kan laba maimakon a kan kowace fata, alhali duk maganar da aka yi a baya a kan guda-guda ake yinta. Mai saye yayi caraf ya amsa. Kotu tace a'a, ka san kuskure ne, babu ciniki.

Yanzu kuma an ƙaro wata masifar, manhajar da ke canza farashi da kanta tana bin na abokan gasa. A Disambar 2014 wata irinta mai suna RepricerExpress ta rikice a daren wata Juma'a na kimanin awa ɗaya, kayan ƙananan ƴan kasuwa da ke saidawa a Amazon na Birtaniya suka koma peni ɗaya. An soke da yawa daga cikin odojin amma wanda ya riga ya fita daga sito ya fita kenan. Ba Amazon ne mai kayan ba, mutane ne irina. Tun daga nan duk manhajar da za ta taɓa min farashi sai na sa mata ƙasan da ba za ta wuce ba, kuma bama loda sabon tebur da dare ko ana gab da tashi aiki.

Toh in abin ya faru, sai saƙonni su fara shigowa. Na biya, kun ciri kuɗina, ga rasit, dole ku bani kayana ko mu haɗu a kotu. Ni na fahimci zafin, amma a ƙasashe da yawa, musamman masu bin tsarin shari'ar Ingila, maganar ba haka take ba. Farashin da ka gani a shafi ba sallamawa bane. Kamar dai ciniki ne na baka da baka, kai mai saye kaine ka taya lokacin da ka danna oda, mai kaya kuma yana da damar yace albarka ko yace na sallama, kuma kafin ya sallama ciniki bai faɗa ba. Asalin wannan ya fito fili a shari'ar kantin magani na Boots a 1953, inda kotu tace kayan da aka jera a kanta gayyata ce kawai, sai an kai wajen mai karɓar kuɗi ya amsa sannan aka yi ciniki. Shi yasa in ka karanta sharuɗɗan manyan shafuka, wanda nasan ba mai karantawa, zaka ga sun rubuta cewa saƙon farko na "mun ga odarka" ba amincewa bane, sai sun turo maka cewa kaya ya taso. Nima haka na rubuta nawa, kuma na zauna na gyara saƙon da shafina ke turawa kalma bayan kalma, dan tsakanin "mun karɓi buƙatarka" da "an kammala cinikinka" akwai kuɗi mai yawa.

Ko da ma saƙon ya nuna an sallama, akwai ƙofa ta biyu. A 2003 wani shafi a Singafo, Digilandmall, ya saka firintar HP da kuɗinta yake dalar Singafo 3,854 a kan dala 66, daga wajen koya wa ma'aikata aiki aka loda lambar gwaji a shafin gaske. Wasu abokai su shida suka tashi cikin dare suka yi odar guda 1,606. Da aka ƙi basu suka kai ƙara, suka faɗi, suka ɗaukaka, a 2005 suka sake faɗi. Hujjar kotu ita ce sun san kuskure ne. Ai yawan odar ma kaɗai ya isa shaida, wa ke buƙatar firinta ɗaruruwa da ƙarfe biyun dare? Mu ma a aikace abinda muke fara dubawa kenan, adadi da lokaci. Wanda ya ɗauki guda ɗaya da rana tsaka daban, wanda ya kwashe duk abinda ke sito cikin minti biyar ya kuma buɗe asusu na biyu da sunan matarsa daban.

Sai dai ba kowane kuskure ne yake ihu ba, kuma nan ne nake rabuwa da wasu abokan sana'a. In kaya ya fito da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsa, kowa ya san ba daidai ba. Amma in ya fito da ragin kashi 30 ko 40 ko ma rabi fa? Mu da kanmu muka koya wa mutane cewa irin wannan ragin yana yiwuwa, kullum muna ta buga gangar bonanza da ƙarar da kaya, toh dan me baiwar Allah za ta ga rabin kuɗi ta zargi kuskure? A farkon 2002 Kodak ya shiga irin wannan a Birtaniya, kyamarar fam 329 ta fito a fam 100, saƙon tabbatarwa ya riga ya tafi, da farko suka ce ba za su bayar ba, da hayaniya ta yi yawa suka bayar. Ni a ganina daidai kenan. Dokar da na sa wa kaina ita ce, in farashi ne da mai hankali zai iya gaskatawa kuma guda ɗaya ko biyu ya saya, a naɗe masa kayansa a kai masa, asarar tamu ce, ba sai ma ya san anyi kuskure ba. In kuwa abu ne da ko yaro ya san ba zai yiwu ba, zan soke.

Mutane na son kawo min misalin Zappos, wani kamfanin Amurka mai saida takalma ta intanet, wai a 2010 shafinsu na 6pm.com ya maida kusan komai dala 49.95 na tsawon awa shida, suka yi asarar sama da dala miliyan 1.6 kuma suka bar wa kowa kayansa. Gaskiya ne anyi. Amma wannan kamfani ne da a lokacin Amazon ya riga ya saye shi, asarar ta zame musu talla, jaridu suka yi ta yabo kyauta. Ƙaramin ɗan kasuwa in ya ce zai yi wannan bajintar, jarin ne gaba ɗaya zai tafi har da albashin yara da kuɗin mutanen da suka bashi kaya bashi, kuma ba jaridar da za ta rubuta sunansa.

Inda mai saye yake da haƙƙi cikakke wanda babu wata muhawara a kai shine kuɗinsa. An soke odarka, toh kuɗinka ya dawo, duka, har da na kai kaya, ta hanyar da ka biya, ba tare da ka yi ta roƙo ba. Anan ne wallahi da yawanmu muke cin amanar mutane. A soke oda shiru ba a faɗa wa mutum ba sai ya gaji da jira ya kira. Ko a ce masa kaya ya ƙare alhali gashi nan a shafi an ninka kuɗin. Ko a ce ba ma mayar da kuɗi sai dai mu zuba maka a asusunka na shafinmu ka sayi wani abu, wanda wannan riƙe kuɗin mutum ne da ƙarfi, bai zo sayen wani abu ba. Ni abinda nake sa a tura gajere ne: Hajiya ki yi haƙuri, farashin da kika gani kuskure ne daga wajenmu, ainihin kuɗin kaza ne, mun mayar miki da kuɗinki yau ga shaida, in har yanzu kina so za mu rage miki kaza. Wasu su yi fushi su zage mu, wasu su saya, yawanci dai magana ta mutu a nan.

Akwai kuma masu fakewa da kalmar kuskure. Mutum ya karɓi oda da farashin da shi ya sa da saninsa, kafin ya aika kaya sari ya tashi, sai ya soke yace kuskure ne. Wani kuma da gangan yake sa araha a kan kayan da bashi da su ko guda biyu kacal gareshi, dan dai a shigo shafin a bar masa lambar waya da imel. A Tarayyar Turai irin wannan tallan na tarko yana cikin abubuwan da dokar 2005 kan rashin adalci a kasuwanci ta haramta kai tsaye. Su ne suka sa in kuskure na gaskiya ya faru ba wanda ke yarda da kai.

Dan haka in kaine mai saye, ka ajiye hoton shafin da farashin da ranar, ka ajiye duk saƙon da aka turo, ka duba wanne ne ya ce an gani wanne ne ya ce an aiko. In kaya ya riga ya iso hannunka ciniki ya faɗa, da wuya mai kaya ya iya zuwa yace ka ciko, kuma bashi da ikon sake cirar kuɗi daga katinka ba da izininka ba. In an soke an riƙe kuɗi, bankin da ya baka kati yana da hanyar janyo kuɗin daga wajen mai kaya, kuma akwai wa'adi dan haka kar ka zauna kana jiran alkawari, bayan nan sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarka. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa sosai. A Tarayyar Turai da Birtaniya misali mai saye ta intanet yana da kwana 14 da zai iya fasa yawancin kaya ba tare da ya faɗi dalili ba. A Amurka tun 2015 ma'aikatar sufuri ta daina tilasta wa kamfanonin jirgi su cika tikitin da ya fita da kuskuren farashi, amma sai sun mayar da kuɗin sun kuma biya mutum abinda ya kashe dogaro da tikitin, kamar otal ɗin da ba a mayar da kuɗinsa. Abu ɗaya dai, in ka ga arahar da ta yi yawa ka saya, kar ka ɗora wani shiri a kanta sai ka ga kaya ya taso.

Kuma kar a ɗauka sokewa kyauta ce a wajenmu. Kamfanonin da ke karɓar mana kuɗi ta kati da yawansu basa dawo da kamashonsu in ka mayar wa mutum kuɗinsa, kenan duk odar da na soke na biya kuɗin cinikin da ba a yi ba. In a babbar kasuwar intanet kake saidawa suna ƙirga maka, a Amazon ana so odojin da mai kaya ya soke da kansa su tsaya ƙasa da kashi 2.5 cikin ɗari, ka wuce haka asusunka na cikin haɗari. Ga taurari ɗai-ɗai da za a jera maka a wajen sharhi daga mutanen da ko kayan basu taɓa ba, su kuma basa gogewa. Shi yasa na sa shafin ya riƙa tsayar da duk odar da ta wuce wani adadi na kaya iri ɗaya, ko wadda kuɗinta ya faɗi ƙasa da kuɗin sari, ba ta wucewa sito sai mutum ya duba ya danna da hannunsa. Yana jawo jinkiri, wani lokacin ɗan sari na gaskiya ya kira yana faɗa me ya riƙe odarsa, sai mu bashi haƙuri mu sake ta.