Bututun Kan 'Yata Ya Toshe, Hoto Bai Nuna Ba

An haifi 'yata da buɗaɗɗen ƙashin baya, wato ƙasusuwan ƙasan gadon bayanta ba su haɗu sun rufe laka ba. Tun cibiyarta ba ta faɗi ba aka yi mata tiyata aka rufe wurin, domin aiki ne da ake son a yi cikin awa 48 zuwa 72 bayan haihuwa, kafin ƙwayoyin cuta su shiga. Ba a jima ba kanta ya fara girma fiye da ƙima, maɗigarta ta kumbura, aka tabbatar ruwa yana taruwa a ƙwaƙwalwarta, kamar yadda yake faruwa ga mafi yawan yaran da aka haifa da wannan lalura. Aka sa mata shant, siririn bututun nan da ke bi ta ƙarƙashin fata daga kai, ta bayan kunne, ya sauke ruwan a cikin ciki. Waɗannan ayyuka, da gyaran ƙafa da ya biyo baya, duk sun tafi daidai. Sa mata robar fitsari kowace awa huɗu domin kare ƙodarta ma, da na ɗauka ba zan taɓa iyawa ba, ya zama mini jiki.

Abin da har yau yake ci mini rai ya faru ne tana da shekara huɗu, lokacin da hankalinmu ya fara kwanciya. An gaya mana tun farko cewa kusan kashi 40 cikin 100 na irin wannan bututu da ake sa wa yara yakan samu matsala cikin shekara ɗaya zuwa biyu na farko, mu kuwa mun wuce wannan zango lafiya. Sai ta fara tashi da ciwon kai da safe, ta yi amai, sannan ta ɗan ware. Babu zazzaɓi, babu gudawa. Yarinyar da ba ta barin kowa ya huta da surutu ta koma kwanciya, idan na tashe ta sai ta dube ni ta sake lumshe ido.

Muka kai ta sashen gaggawa, na yi bayanin bututun tun daga ƙofa. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, likitan da ke bakin aiki ya duba ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, ramukan ruwan ba su buɗe ba, girmansu daidai yake. Cikinta ne ya ɓaci." Na ce, "Likita, na san yarinyar nan idan cikinta ya ɓaci, wannan barcin ba nata ba ne." Ya rubuta maganin amai ya sallame mu. Ban ce mugu ba ne, kuma na ga yawan marasa lafiyar da ke jiransa, amma bai tambayi tsohon hotonta ba, bai leƙa cikin idonta ba, bai kuma kira likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ba, alhali kowane ɗaya daga cikin ukun nan zai iya sauya maganar.

Kafin wayewar gari idonta na hagu ya karkata ciki, sai an jijjiga ta take amsawa. Babanta ya sungume ta muka koma, na ce ba zan motsa ba sai wanda ya sa bututun ko wani daga cikin mutanensa ya gan ta. Da likitan tiyatar ya zo, ya sa aka nemo hoton da aka ɗauka tana lafiya, ya jera shi da na jiya, sai ga bambanci ƙarara. Yaron da ya daɗe da shant, ramukan ruwan ƙwaƙwalwarsa sukan tsuke su zama 'yan siraru, bangonsu kuma ya yi tauri, ta yadda ko bututun ya toshe ba sa buɗewa sosai. Abin da aka kira "daidai" a hoton jiya girman ramukan yaro ne marar bututu. A wurinta kuwa kumburi ne. A ranar aka shiga da ita, aka tarar bakin bututun na cikin kai ya toshe, aka sauya shi.

Alhamdu lillahi ta farfaɗo, da yamma har tana neman a ba ta ruwa. Idon ne bai koma daidai ba, domin matsin ruwan ya taɓa jijiyar da ke juya shi waje, kuma an daɗe ana rufe mata ido ɗaya kafin ya fara miƙewa. Duk lokacin da na liƙa mata abin rufe idon tana kuka, sai daren nan da muka kwana a gida ya dawo mini, daren da ya kamata a ce a gadon asibiti ta yi shi.

Tun daga nan ba na fita da ita ko'ina sai da hoton ƙwaƙwalwarta na lokacin lafiya, a faifai da kuma cikin waya, tare da takarda guda mai ɗauke da irin bututun, ranar da aka sa shi, magungunanta, da lambar sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Irin bututun yana da muhimmanci, domin akwai wanda ake saita ƙarfin zubarsa da maganaɗisu daga waje, kuma na'urar ɗaukar hoton jiki ta MRI, mai aiki da maganaɗisu, tana iya sauya saitin wasunsu, sai an sake dubawa bayan an ɗauki hoton. Na kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa ta da safar hannu ta robar da ake kira latex, saboda yara masu wannan lalura sun fi sauran saurin kamuwa da borin jini daga gare ta.

Ga uwar da aka sa wa ɗanta shant, ina roƙonta ta riƙe cewa alamomin da aka koya mata yana jariri ba za su ci gaba da yi mata aiki ba. Maɗiga takan rufe wajen wata 18, daga nan kai ba zai ƙara kumbura ya yi gargaɗi ba, sai dai ciwon kai, amai ba tare da gudawa ba, yawan barci, saurin fushi, ko karkacewar ido. Idan aka ce hoto lafiya, ta tambaya da wane hoto aka gwada shi. Ni yanzu nakan faɗa a fili, cikin ladabi, cewa ina zargin bututun ya toshe, kuma ina son a rubuta a fayil cewa na nemi likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya gan ta kafin a sallame mu. Akwai lokacin da na yi haka ya zamana mura ce kawai, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Na taɓa karanta cewa ɗaya daga cikin bawul ɗin farko da suka yi aiki sosai, wato ɗan makullin da ke daidaita zubar ruwa a cikin shant, wani uba ne a Amurka, John Holter, wanda makaniki ne ba likita ba, ya ƙera shi a 1956 saboda ɗansa. Shekaru kusan 70 ke nan, bututun yana ceton rai amma har yanzu yana toshewa ba tare da sanarwa ba, kuma na san akwai yiwuwar a sake shiga da 'yata. Na kai wa asibitin ƙorafi a rubuce kan abin da ya faru a wancan dare, ina neman a sa doka cewa duk yaro mai shant da ya zo da amai da barci ba za a sallame shi ba sai an gwada hotonsa da na baya. Sun amsa cewa suna dubawa, ni kuma ina nan ina tuna musu.