Tumatir cikin zanin gado

Yau dab da magariba na dawo daga tafki, nan kusa da Kenora a Kanada, kifi biyu kacal ƙugiyata ta kamo. Sai na tarar da tsohuwar da ke kula da lambun masaukinmu tana lulluɓe tumatir da tsofaffin zannuwan gado, ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce jikoki take kwantarwa. Wai daren nan raɓa za ta iya daskarewa ta kashe shukar. Jiya-jiya fa muka shiga Satumba!

Na ajiye kayana na kama mata bakin zani, hannuna sai ƙarnin kifi. 'Ya'yan duk kore shar, ko ɗaya bai fara ja ba. Har na kwanta ina tunanin ko za su samu su nuna.