TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 17: Yadda na shiga Ingila da magen Umma

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan mako. Wancan satin mun tsaya a inda bizarmu ta fito ni da yara, to yau sai na ɗan koma baya tukuna saboda akwai abinda na tsallake da gangan, wato labarin Gimbiya. Masu bina tun farko sun santa, magen Umma ce Allah ya jiƙanta, fara mai tabon baƙi a kunne ɗaya, wadda duk watannin da Umma tayi a kwance bata taɓa kwana ko'ina ba sai wajen ƙafafunta. Bayan rasuwa sai da ta kwana uku tana zagaye ɗakin tana kuka taƙi cin komai, ni na ɗaukota na dawo da ita wajena.

Ranar da na fara yi wa Abban yara, da yake can Ingila, maganar tafiya da ita a waya, shiru yayi har na ɗauka layi ne ya yanke. Can yace "Maman yara, mage fa kika ce? Nan magunan da ke neman mai riƙo sun fi a ƙirga, in kinzo sai mu karɓo miki ɗaya." Nace masa ai ni ba mage nake nema ba, Gimbiya nake nufi. Ya san halina in na kafe, sai cewa yayi to ki fara bincika dokarsu, in kin gani da idonki kya haƙura da kanki. Allah sarki, bai san zuga ni yayi ba.

Abinda na fara ganowa shine Ingila sun kasa ƙasashen duniya kashi-kashi gwargwadon yadda ciwon haukan kare yake a kowace ƙasa, mu kuwa muna cikin waɗanda basu shiga jerin ba, wato masu doguwar hanya. Da farko haushi naji wlh, nace mage ce fa ta cikin gida, ina ruwanta da haukan kare. Ashe cutar bata tsaya kan kare ba, mage ma na ɗauka, kuma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, in alamunta suka bayyana a jikin mutum kuwa sai dai addu'a. Su kuma tun 1922 suka rabu da ita a dabbobinsu na ƙasa, tsibiri ne ruwa ya zagaye su, basa son wani ya dawo musu da ita a cikin kwando. A da ma ko wace mage ko kare aka shigo da ita sai an killace ta wata shida cur, a shekarar 2000 aka fara sassautawa, 2012 aka ƙara sassautawa. Da na karanta wannan sai na ɗan sauko.

Ga yadda abin yake. Da farko a saka wa dabba maikurocip, wata 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa da allura a ƙarƙashin fata wajen kafaɗa, tana ɗauke da lamba 15, ita ce kamar fasfonta. Sannan a yi mata allurar rigakafin haukan kare. A jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jininta a tura ɗakin gwajin da suka amince dashi, ba kowanne ba, sakamako ya nuna ƙarfin rigakafin a jininta ya kai 0.5 ko sama. Daga ranar da aka ɗebi jinin kuma a ƙirga wata uku cif kafin ta taka ƙasarsu. Kunga ko komai ya tafi daidai wata huɗu ne.

To ni komai bai tafi daidai ba. Na kai ta wajen wani likitan dabbobi, bazan faɗi suna ba, mutumin kirki ne amma ya cuce ni ba da niyya ba. Ranar da naje yace cip ɗin ya ƙare sai an kawo, bari ayi allurar yanzu kada a ɓata lokaci, cip kuwa ko yaushe ma ana sakawa. Ni da ban sani ba nace to likita. Akayi allura, bayan kwana tara aka saka cip, na ƙirga kwana talatin ɗina ɗaya bayan ɗaya aka ɗebi jini aka tura waje, kuɗi sun tafi, sakamako ya dawo lafiya lau har da hamdala nayi. Sai da na tura wa ejan ɗin da zai karɓe ta a can hoton katin, ko minti goma ba ayi ba ya rubuto min wai ranar allura ta riga ranar cip, don haka a wajensu wannan allurar kamar ba ayi ba. Na sake karantawa sau uku. Nace masa ai mage ɗaya ce, jinin ma nata ne, yace ya yarda dani amma wa zai shaida cewa magen da aka yi wa allura ranar nan ita ce mai wannan lambar, tunda lokacin bata da lamba? Wlh gwiwata tayi sanyi, don na rasa abinda zan ce masa, gaskiya ya faɗa. Aikin baban giwa kenan nayi na kusan wata biyu.

Daren nan nayi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Yaya ta kira tace "Ke dai Allah ya shirye ki, mijinki na can shi kaɗai cikin sanyi kina nan kina kukan mage, kawo ta nan zan riƙe." Kuma ba ƙarya tayi ba, zata riƙe ɗin. Amma na san gidan Yaya, yara bakwai da ƙofa a buɗe ko yaushe, sati biyu yayi yawa. Akwai wata hanyar kuma, a tafi da ita haka a killace ta a can har zuwa wata huɗu, kuɗin killacewar kuma daga aljihunka, ita kaɗai cikin keji a ƙasar da bata san kowa ba. Ban iya ba. Washegari na koma aka sake allura daga farko, wannan karon ni da kaina nasa ya ɗora na'urar a kafaɗarta tayi ƙara, na duba lambar da ta fito da wadda ke kati ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa sirinji. Ya ɗan ji haushi, ni kam ko a jikina.

Shi yasa kuka ga bizarmu ta fito amma bamu tashi da wuri ba, sai da wa'adin shiga ya kusa cika. Mutane nata tambaya lafiya dai, ina cewa shirye-shirye ne. Don akwai wata ƙa'idar ma, dole mai dabba ko wanda ya wakilta a rubuce ya shiga ƙasar cikin kwana biyar kafin ko bayan isarta, in ba haka ba sai a ɗauke ta kamar hajar kasuwanci, takardun su canza gaba ɗaya. Takardar lafiya ta ƙarshe ita ma likitan gwamnati ne zai sa hannu, kuma kwana goma kawai take da shi. Masu kare nasu yafi namu, sai an ƙara da maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin isa. Kuma kada wani ya ruɗe ku da hoton mutane rungume da mage a kujerar jirgi, shiga Ingila ta jirgin sama ba'a haka, sai dai a kago, wato ɓangaren kaya, a cikin keji mai faɗin da zata miƙe tsaye ta juya ta kwanta. Kuɗinta yafi tikitina, Abban yara har yau in yana son tsokana sai yace a gaida Hajiya mai kujerar manya.

Sai kaya. Abban yara ne ya cike mana fom ɗin da suke cewa ToR1 ta intanet, na wanda zai dawo da zama gaba ɗaya, in an amince sai a baka lamba ka shigo da kayan amfaninka ba haraji, sharaɗin ka zauna a wajen ƙasar aƙalla wata 12 kuma kayan sun kai wata shida a hannunka, sannan baza ka sayar ba sai an shekara. Har Gimbiya sai da aka rubuta a jerin, tsakanin keken ɗinki da barguna, na dinga dariya ni kaɗai.

Abinda ya fi min ciwo a kayan, jakar Umma. Tsohuwar jakar hannu ce ta fatar kada, zif ɗinta ma ya mutu, amma har yanzu in ka buɗe ƙanshinta ne a ciki. Ina shirya akwati na tura masa hoto yace maza cire, fatar kada da ta maciji da hauren giwa duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, ba izini a rubuce suna iya ƙwacewa ko da ta kakar kakarki ce. Na gaji da neman takardu a lokacin, kaina ya ɗau zafi. Na kai wa Yaya, ta karɓa ta rungume bata ce komai ba, ranar dai bata yi min faɗa ba.

Mun sauka filin jirgin Hitiro na Landan da asuba, yara sun galabaita, auta na bacci a kafaɗata. Wajen fita hanya biyu ce, kore ta wanda bashi da abin bayyanawa, ja ta mai shi. Na san lissafina, kuɗin hannunmu ko kusa da fam 10,000 da ake bayyanawa basu kai ba, tsarabar sabbin kaya ma bata haura fam 390 da aka yafe ba, kore zan bi hankali kwance. Muna jiran akwatuna na buɗe ƙaramar jaka zan ciro wa auta rigar sanyi, sai hannuna ya taɓa wata leda a ƙasa, an naɗe ta da zani an ƙulle tam. Ina kwancewa ƙanshi ya bugi hancina. Busasshen nama! Gwaggo ce, na tuna sanda take cewa kawo in gyara miki jakar nan, kuma sau nawa ina faɗa a gida cewa nama da madara da duk abinda aka yi dasu ba'a shiga dasu. Cikina ya ɗuri ruwa. Babban ɗana yace "Mama mu mayar ƙasa kawai, wa zai gani?" ga kuma wani kare can yana bin akwatunan mutane yana shinshinawa. Ba karen ne ma ya tsorata ni ba, tunani nayi in aka kama ni da ƙarya yau, gobe da wane ido zanje karɓar Gimbiya, sunana ne fa a duk takardunta.

Na ja yara muka bi ja. Jami'in ya sa safar hannu ya buɗe, ya tambaya naman meye, na faɗa masa, nace ban san an saka min ba sai yanzu. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba jin wannan zancen kullum, yace tunda na kawo da kaina ba komai amma za'a lalata shi, da ɓoyewa nayi aka gano shine ake maganar tara ko kotu. Ya jefa a wani babban kwandon shara, ina kallo, raina na cewa wayyo wahalar Gwaggo. Dabinon da ke jakar kuwa ya duba ya miƙo min abina, wai shi yana cikin 'ya'yan itacen da aka yarda dasu. Daga baya Abban yara ke bani labarin 2001, da ciwon baki da kofato ya ɓarke musu aka kashe dabbobi sama da miliyan shida, kuma ana zargin ta ragowar abinci mai nama da aka bai wa aladu ya fara. Har yau ban faɗa wa Gwaggo ba, in ta tambaya sai ince an gode Allah ya saka.

Gimbiya sai washegari jirginta ya sauka. Akwai wajen karɓar dabbobi na musamman a gefen filin jirgin, can ake kai su a karanta cip a bi takardu. Awa biyar muna zaune, duk wanda aka kira sai gabana ya faɗi, ina ta tuna ranakun nan na kati ko akwai wadda ta sake shiga gaban wata. Can wata mata ta fito da kejin ta kira sunana a karkace. Na durƙusa na leƙa, tana can ƙurya ta takure a kan tsohon ɗankwalin Umma da na shimfiɗa mata, idanu sun yi zuru-zuru, na kira ta sau biyu bata motsa ba, sai da nayi irin tsakin da Umma ke yi mata sannan ta taso ta goga kanta a jikin ƙarfen. Abban yara na tsaye a bayana da takardu a hannu, yace "To Hajiya, sannu da zuwa," ya ɗauki kejin da kansa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan baku labarin gidan da muka sauka, da abinda ya faru ranar da mai gidan hayar ya ganta a taga, don ashe akwai abinda Abban yara bai faɗa masa ba.