Wasiƙa daga Niyok ga masu tambayar aikin hannu

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa, mu nan lafiya sai sanyi. Tun da na ambaci cewa yara da yawa a nan kan gama sakandare su shiga koyon wayarin ko aikin famfo, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: wai kuɗin jami'a ne ya gagara? Bari in amsa gaba ɗaya.

A Amurka ƙungiyoyin ƙwadago kan haɗa hannu da 'yan kwangila su horar da masu sana'a. Ta masu lantarki, IBEW, tun 1891 take. Yaro kan yi shekara huɗu zuwa biyar, awa 8,000 a bakin aiki, ga aji kuma. Tun ranar farko ana biyansa, kusan rabin abin da ƙwararre ke karɓa, ana ƙara masa a hankali. Abokinsa na jami'a kuwa sau da yawa bashi yake tarawa.

Amma shigar, wayyo! Ba kullum ake raba fom ba, har kwana samari kan yi a bakin titi da bargo suna layi. A na lantarki, sai ka cika shekara 18, ka kawo takardar gama sakandare da shaidar ka yi aljabara, wani reshen lissafi, shekara guda. Ga jarrabawar lissafi da fahimtar karatu, ga ganawa, ga gwajin ƙwaya, sannan a jera sunanka bisa maki ka zauna jiran kira. Mai sakamakon WAEC galibi sai an tantance masa, da kuɗinsa. Ɗan Nijar mai takardun Faransanci sai an fassara. In fasfo ya ce Muhammadu, takardar makaranta ta ce Mohammed, to ka sha ruwa ka dawo baya. Kuma don Allah, fom ɗin nan ba biza ba ne. Sai mai izinin aiki, kada wani ya karɓe muku kuɗi.

Abin da ya fi burge ni, kowace awa a rubuce take. Mu a gida yaro zai daɗe a shagon maigida, ranar yaye sai addu'a da shinkafa, babu abin nunawa. Da ni ne da ƙane a garejin walda, da na tura shi ya zana NABTEB, jarrabawar sana'o'i ta Najeriya, ya kuma riƙe rubutun sunansa iri ɗaya a ko'ina.

Fansho kuwa akwai shi, da inshorar lafiya. Wannan sai wani jiƙon.