Yau almajirin gidanmu ya samu gurbi a jami'a

Talata, bayan isha'i.

Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo bayan la'asar sai ga shi ya faɗo, ko sallamar bai ƙarasa ba. "Umma, sun ba ni!" Na ce me aka ba ka? Ya durƙusa ya miƙo min waya. Shafin JAMB ne, hukumar jarrabawar shiga jami'a, Jami'ar Bayero ta ba shi gurbin karatun lissafi. Da garin a hannuna na karɓa, na karanta, na sake karantawa, hawaye suka hana ni ganin sauran. Maigida ya fito daga ɗaki da carbinsa yana tambayar ko lafiya.

Yaron nan bai fi shekara takwas ba lokacin da ya fara tsayawa a ƙofarmu da ɗan kwanon roba yana "ko ɗan ƙanzo, iya". Daga wani ƙauye na wajen Haɗeja aka kawo shi tsangaya bayan rasuwar mahaifinsa. Abin da ban manta ba ƙafafunsa ne. Lokacin hunturu ne, duk sun yi kaushi sun tsage har jini na fita, silifas ɗinsa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, an ɗaure da waya. Na ɗauke shi aike da wanke-wanke kamar yadda kowa ke yi a unguwa.

Wata rana na same shi ya ɗauki littafin lissafin ƙaramar 'yata yana gyara mata aikin gida, shi da bai taɓa zama a aji ba. Lissafin canjin cefane ne ya koya masa. Maigida ya je wajen alarammansa neman izinin sa shi a boko, aka sha zarya kafin ya yarda, bisa sharaɗin karatun asuba da na dare ba za su taɓu ba. Allah ya saka wa malamin nan da alheri, don da ya ƙi, da shi ke nan.

Haka ya shiga firamare, ya fi kowa tsawo a aji, yara na kiransa "gardi". Ya wanke allo da asuba, ya tafi boko, ya dawo ya yi mana aiki, da dare ya koma gaban malam. Ranakun Alhamis da Juma'a da babu karatun allo yake zuwa kasuwa dako don ya sayi littattafai. A 2020, da korona ta zo gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, sai maigida ya share masa shagon ƙofar gida ya ce daga yau nan ne ɗakinka. A nan ya haɗa haddarsa, izu sittin cif.

Yana ba ni haushi in ji ana maganar almajirai kamar marasa ƙwaƙwalwa. Yaron da ya riƙe Alƙur'ani a ka, wane darasi ne zai gagare shi? Turanci ne kawai ya ba shi wuya, sai da ya sake zaman NECO kafin kiredit biyar ɗin da ake buƙata don shiga jami'a suka cika. Wahalar takardu ma ba kaɗan ba ce: ba shi da takardar haihuwa, sai da aka yi rantsuwar shekaru a kotu, sannan aka bi layin NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, tunda yanzu ba a rajistar JAMB sai da ita.

Bayan magariba muka kira mahaifiyarsa ta wayar maƙwabcinsu. Ba ta san mene ne jami'a ba sosai, tambayarta ɗaya: "Bai dai bar karatun Alƙur'ani ba ko?" Ya ce, "Inna, ni ke jan tarawihi a masallacin layinmu." Sai muka ji ta rangaɗa guɗa.

Saura kuɗin rajista. Adashina zai fito ƙarshen wata, maigida zai cika, shi kuma ya ce zai nemi bashin ɗalibai na NELFUND. Gobe da sassafe za su je tsangaya shi da maigida su sanar da malam, na riga na ware goron da za su tafi da shi.