Yadda na tsayar da yoyon tagar tirelar Kawu

Tirelar kwana ce 'yar ƙarama, mai kamar ɗaki da ake ja da mota, ƙirar Boler, irin wadda aka fara ƙerawa a Kanada a 1968. Jikinta duk fayiba ne, a dunƙule kamar ƙwai. Kawuna ya saye ta tun ban san kaina ba, kuma ni ya bar wa ita, shi ya sa lalacewarta ke taɓa min zuciya.

Ruwan Agusta a Kaduna ba ya ɗaga ƙafa. Wata safiya na tarar da katifa ta jiƙe sharkaf. Nan take na sayo gam ɗin silikon na shafe kewayen tagar, har da wasu 'yan ramuka da na gani a ƙasan firam. Ruwa na gaba, yoyon ya fi na da.

Wani dattijo mai gyaran jikin mota a Panteka ne ya zo ya duba min. Ya ce, "Ɗana, ai waɗannan ramukan ta nan ruwa ke fita. Ƙurar hunturu ta fara toshe su, kai kuma ka ƙarasa."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

Ya ce sai an cire tagar gaba ɗaya, domin gam ɗin da ke tsakanin firam da jikin tirela ne ya bushe ya tsattsage.

Kankare silikon ɗin nan shi ne aikin da ya fi ba ni wuya. Wuni guda na yi da makankarar roba, don ƙarfe yana karce fayiba, kuma ko ɗan ɓurɓushi ya rage, sabon gam ba zai kama ba. Bayan wurin ya bushe muka zagaye bayan firam da tef ɗin butil, wani gam mai danƙo kamar cingam wanda ba ya ƙeƙashewa. Muka sa mahaɗarsa a ƙasa, ba a sama ba. Da muka mayar da tagar, ɗaurin sukurorinta ma da kaɗan-kaɗan muka yi, nan da can, har gam ya ɓulɓulo ta ko'ina, sannan muka yanke rarar. Ramukan kuwa da tsinken tsintsiya na buɗe su.

Gwajin da tiyo muka yi, daga ƙasa zuwa sama, ƙanena yana ciki yana dubawa. Ko ɗigo babu. Sauran tagogin zan cire su a watan Fabrairu, kafin ruwan farko ya sauka.